Yanda zaka nutsar da jirgi a Silent Hunter III kuma ka dawo gida da ranka

Sati biyun farko da na fara buga Silent Hunter III ban nutsar da kowa ba sai kaina. Wallahi ba raha nake ba, in fito daga tashar ruwan Wilhelmshaven ta Jamus da tofido 5, wato bam mai gudu a cikin ruwa, a cikin ɗan ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwan nan Type II, in hango hayaƙin jirgin kaya can nesa in taka inji in bishi a guje kamar mai bin motar haya da ta bar tasha, in watsa tofido duka biyar ɗin su wuce ta bayansa, kafin in ankara wani distiroya, jirgin yaƙi mai farautar jiragen ƙarƙashin ruwa, ya taso min shikenan an rufe littafi. Sai daga baya na gane matsalar ba ta hannuna bace ta kaina ce, domin a gem ɗin nan ba a bin jirgi, tare shi ake yi. Ka riga shi zuwa inda zai bi, ka lafe kamar kada a bakin mashaya, shi da kansa zai kawo maka wuyansa. Duk abinda zan faɗa a ƙasa kusan bayanin wannan ne.

Ga wanda bai san shi ba, gem ne na kwamfuta da Ubisoft suka fitar a 2005, reshensu na Romaniya ne ya haɗa shi, kai ne kyaftin ɗin jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus a yaƙin duniya na biyu daga 1939 har 1945, aikinka ka hana jiragen kaya isa Ingila. Tsoho ne sosai shi yasa ko ƙaramar laftof zata ɗauke shi ba wani nishi, kawai ka tabbatar naka yana kan facin 1.4b, shi ne na ƙarshe. Kana buɗewa kar ka yi tsalle ka faɗa Career, shiga Naval Academy tukuna, darasi 5 ne, tuƙi da igwa da harbo jirgin sama da tofido da kai wa ayari hari. Nasan zaka ji kamar an mayar dakai firamare amma ka daure, in ka ci jarabawar ma ana ƙara maka makin da gem ɗin ke kira renown, da shi ake sayen sabon jirgi da kayan aiki da ƙwararrun ma'aikata.

Sai wajen saitin wahala. Wasu zasu ce maka in ba 100 bisa 100 ka sa ba to ba gem kake ba, rabu dasu. Ni dai shawarata ka kunna ƙarewar mai da ƙarewar batir da ƙarewar iska tun ranar farko don ka saba da tsimi, amma ka bar taswira tana nuna maka jiragen da aka hango, ka bar kyamarar waje ma don ka riƙa ganin yanda tofidonka ya kuskure, a nan ake koyo. Lissafin harbi da hannu kuwa ka bari sai ka yi sintiri 3 ko 4 kafin ka kunna, amma fa ka kunna ɗin daga baya, don duk daɗin gem ɗin a nan yake.

Ka fara a 1939 ko 1940, lokacin Turawan Ingila basu waye da yaƙin ba, jiragen kaya da yawa su kaɗai suke tafe ba rakiya ba bindiga. Type II ɗin nan su kansu sojojin Jamus kwale-kwale suke ce masa don ƙanƙanta, bututu 3 ne a gaba, ba igwa, ga shi ba ya dogon zango, iyakarsa Tekun Arewa wanda kuma ba zurfi gare shi ba. In zaka iya ɗauki runduna ta 7 da take farawa a Kiel ka samu Type VII, shi ne dokin yaƙin gaba ɗaya, samfurin VIIC bututu 4 a gaba 1 a baya, tofido 14, igwa mai milimita 88 a kan bene. Abinda nake so ka riƙe game dashi lamba biyu ce kawai, a saman ruwa da injin dizal yana yin not 17 da ɗoriya (not shi ne ma'aunin gudun jirgin ruwa), a ƙarƙashi da batir da ƙyar yake haura not 7 kuma in ka matsa masa haka batir ɗin ba zai daɗe ba. Ma'ana wannan ba kifi bane, jirgin saman ruwa ne da yake iya nutso na ɗan lokaci, tafiya a sama ake yinta, ƙasa wajen ɓuya ne da sauraro. Type IX babba ne mai dogon zango amma nauyin jiki gare shi wajen nutso, bar shi sai ka ƙware.

Maɓallan kibod ɗin da zaka fi taɓawa basu da yawa. F5 taswira, F6 taswirar hari inda injin lissafin tofido yake, F3 madubin leƙe, F4 saman hasumiya, F7 ma'aikata da gyaran ɓarna. P ya kaika zurfin leƙe, S ka taso, C nutson gaggawa, Z tafiyar shiru, H wajen na'urar sauraro, N littafin gane jirage, 1 zuwa 5 gudun gaba daga rarrafe har ƙure maleji. Sai Q, wanda zan dawo kansa don ya ci min tofido ba adadi.

Toh ina jiragen suke? Wannan ce tambayar kowane sabon shiga, mutum ya kwana uku yana yawo a teku ba ko tsuntsu. Za a baka wani murabba'i a taswira a ce ka yi sintirin awa 24 a ciki, je ka cika umarni ka karɓi makinka, bayan nan kai da hankalinka. Jirgi dai dole ya shiga tashar ruwa, don haka ka tsaya a bakin hanya, yankin da taswira ta sa wa AM wato yamma da Ailan da Sikotlan, nan jiragen da suka taso daga Kanada da Amurka suke matsewa kafin su shiga Liverpool. Mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa kuwa kar ma ka soma, ba zurfi, ga nakiyoyi ga 'yan sintiri, zagaya ta arewa ko da zai ci maka mai.

Kana isa wajen farauta ka rage gudu, duk bayan awa biyu ko uku na lokacin gem ka nutse mita 25 zuwa 30, ka rage inji ƙasa sosai ko ka kashe, ka danna H ka sa iyafis ka juya dabaran nan da hannunka a hankali zagaye guda. Kar ka dogara da yaron sauraronka, kunnenka ya fi nasa nisa, sau tari ina jin farfela shi bai ce uffan ba. Jirgin kaya sautinsa mai nauyi ne a hankali kamar ana daka a turmi can bayan gari, na yaƙi kuwa sauri gare shi, shak shak shak, kana ji zaka san ba lafiya ba. In kuwa ka ji hayaniya ta cakuɗe ta cika digiri 20 ko 30 a dabaran to ayari ne, gyara zama. Batun tura lokaci kuma, gem ɗin yana barinka ka kai har ninki 1024 amma in ka yi haka a kusa da gaɓar Ingila jirgin sama zai sauke maka bam kafin ma gem ɗin ya dawo dakai daidai, ni a wuraren haɗari bana wuce 128, a tsakiyar teku 256 ko 512.

Yanzu ka samu jirgi. Abu uku kake buƙata, ina ya dosa, da wane gudu, kuma a ina zaka tare shi. Na gudun shi ne mafi muhimmanci kuma akwai wata dabara mai sauƙi da ake ce wa minti 3 da sakan 15. Ka shiga F5 ka ɗiga alama a kan jirgin da fensir, a daidai lokacin ka tada agogo, minti 3 da sakan 15 na cika ka sake ɗiga wata alamar, ka ɗau rula ka auna tsakaninsu. In ka samu mita 800 to not 8 yake yi, in 600 ne not 6, shikenan. Ba tsafi bane, not 1 mita 1852 ne a awa guda, in ka raba zaka ga a minti 3 da kwata mita 100 yake ci. In kana son ka ƙara tabbatarwa ka ninka lokacin, minti 6 da rabi, ka raba sakamakon biyu. Kuma alamomin nan biyu in ka ja layi ta kansu ka miƙe shi gaba can, ka samu hanyarsa kenan a kyauta. Yi hakan sau biyu ko uku don wasu jiragen suna tafiyar maciji musamman in sun ji ƙishin-ƙishin ɗinka.

In ka kashe nuna jirage a taswira akwai wata hanyar, ka duba tsawon jirgin in littafinka ya nuna, ka tsaida madubi cak, ka ƙirga sakan nawa ya ɗauka daga goshinsa ya taɓa layin tsakiya har wutsiyarsa ta wuce. Tsawo a raba da sakan a ninka da 1.94. Misali jirgi mai mita 140 ya wuce a sakan 34, not 8 kenan. Sharaɗin kawai kai kana tsaye ko kana fuskantarsa a hankali.

Sai zagaye. Ka taso sama ka buɗe wuta, amma ka yi nesa dashi yanda ba zai hango ka ba, wajen kilomita 9 ko 10 da rana in gari ya yi garau, ka bi layin da ya yi daidai da nasa har ka wuce shi sosai. Shi yana not 8 kai kana 16, duk awa guda kana ba shi ratar kusan kilomita 15, don haka awa ɗaya ko biyu ta isa. A nan ne mutane suke gajiya su yanke su afka masa ta gefe, kuma a nan ake asara, gaggawa dai aikin shaiɗan ce. In ka wuce shi ka karyo ka nufi layinsa, ka tsaya mita 600 zuwa 900 daga layin, goshin jirginka yana kallon layin a miƙe wato digiri 90, ka nutse zurfin leƙe, ka sauke madubi ka riƙa binsa da kunne. In dare ne ba farin wata kuma shekarun farko ne ba sai ka nutse ba ma, jirginka gajere ne a kan ruwa basa ganinsa, haka Otto Kretschmer na U-99 yake yi, ya kutsa tsakiyar ayari cikin dare a saman ruwa ya harba daga kurkusa, shi ne ya fi kowa nutsar da kaya a yaƙin duk da an kama shi tun watan Maris na 1941.

Ga yanda ake harbin, ka karanta sau biyu. Ka ɗaga madubi ka juya shi ya kalli 000 wato gaba sak. Ka je F6 ka danna maɓallin da yake baka damar sa lambobi da hannu. Sa gudun da ka auna. Sai agogon da aka rubuta wa AOB, wannan yana tambayarka ne in kai ne a kan jirgin can kana kallon gabansa, ta wane gefe kuma a digiri nawa zaka ga jirgin ƙarƙashin ruwan. Tunda ka riga ka tsaya a miƙe amsar 90 ce, saura gefe. In daga hagunka ya taho zai wuce dama to gefensa na dama kake gani, sa 90 dama, in daga dama ya taho sa 90 hagu. Nan nafi yin kuskure da farko har sai da na ɗau biro biyu na jera a kan tabarma na gwada sannan ta zauna min. Ka mayar da maɓallin nan yanda yake, ka koma madubi ka juya shi wajen da jirgin yake tahowa har sai lambar kwanar tofido ta nuna 000. Ka bar madubin a nan kar ka sake taɓa shi. Duk sashen jirgin da kake so ka fasa, yana taka layin tsakiya ka harba.

Daɗin wannan hanyar shi ne nisa ba ruwanta dashi, ko mita 600 ne ko 1000 tofidon zai same shi muddin gudun da ka sa daidai ne, saboda tofidon miƙewa zai yi ba kwana. In kana son ka gwada lissafin, jirgi mai not 8 da tofido mai not 30 madubin zai tsaya wajen digiri 15 daga gaba, wato 345 in daga hagu ne ko 015 in daga dama, da tofido mai not 44 kuwa wajen digiri 10 ne. In ka ga lambar ta yi hannun riga da wannan to ka juya AOB ɗin baibai.

Yanzu Q. Kafin ka harba ka zaɓi bututu ka danna Q ƙofarsa ta buɗe, in ba haka ba kana danna harbi sai an ɓata sakanni ana buɗe ƙofa, jirgin kuma ba jiranka zai yi ba. Akwai daren da na kwashe kusan awa biyu ina zagaye wata tanka a yammacin Ailan, komai ya zauna, not 9, mita 700, tana cika min madubi har ina ganin tutarta, na harba biyu ina murmushi na koma kyamarar waje ina kallo, ɗaya bayan ɗaya suka shafa bayanta suka wuce kamar masu gaisuwa, ita kuwa ta fara tafiyar maciji ta kira min 'yan sanda. Ƙofa ce kawai ban buɗe ba. Ranar ko abincin dare ban ci da daɗi ba.

Tofidon kansa iri biyu zaka fara dasu. G7a mai tururi ne, yana da gudu uku, 30 da 40 da 44, amma yana barin farin layin kumfa a bayansa da ake gani da rana, don haka na dare ne ko na jirgin da ba shi da rakiya. G7e na batir ne, not 30 kawai amma ba ya barin sawu, shi ne na rana da na ayari. Kar ka harba a ƙasa da mita 300, tofido sai ya yi wannan tafiyar kafin kunamarsa ta tashi, in ba haka ba ƙwanƙwasa ƙarfe kawai zai yi. Kan tofidon kuma ko ka sa shi ya fashe in ya daki jiki, ko na maganaɗisu da yake fashewa a ƙarƙashin jirgi. Na dukan yana son ya shiga a miƙe, zurfin mita 3 ko 4 ga babban jirgi, in ya zo a karkace zamewa yake. Na maganaɗisu ka duba a littafi iya zurfin da cikin jirgin ya nutse ka ƙara wajen mita 1, in ya yi kyau tofido ɗaya yana karya jirgi gida biyu, amma in teku ta yi fushi yana fashewa a hanya tun bai isa ba. Wannan ba sharrin gem bane, haka ta faru da gaske, a yaƙin Norwe na 1940 kyaftin-kyaftin ɗin Jamus sun yi ta harba tofido yana ƙin tashi har Günther Prien, wanda ya shiga sansanin ruwan Ingila na Scapa Flow ya nutsar da jirgin yaƙinsu Royal Oak a Oktoban 1939, shi ma ya dawo yana ƙorafi. Ni in iska ta yi ƙarfi na dukan nake sawa in huta.

Igwa kuma don ƙarasa rauni ce da ƙananan jirage, kar ka ɓata tofido a kan kwale-kwalen kamun kifi. Ka nufi daidai inda jikin jirgin ya haɗu da ruwa ko ƙasa kaɗan, harbin bene wuta kawai yake tayarwa. In iska ta wuce mita 7 a sakan yaranka ba zasu fita kanta ba, kuma daga 1941 zuwa sama jiragen kaya sun fara ɗaukar bindiga a wutsiya, huda ɗaya a jikinka ta rage maka zurfin da zaka iya nutsewa har ka koma gida. Ka duba tuta kafin komai, jirgin 'yan ba ruwanmu yakan kunna fitilu da dare, in ka nutsar dashi makinka za a zaftare, kuma Amurka bata shiga yaƙin ba sai Disamban 1941.

Wani abu da ya ɗan tsaya min a rai, ranar da na fara ɗaukar Type IX aka turo ni kudu sai naga taswira ta kawo ni bakin Freetown a Saliyo, na ce kai ashe yaƙin nan har ƙofar gidanmu ya zo. Kuma da gaske ne, Freetown matattarar ayarin jirage ce lokacin, a 1941 U-107 ƙarƙashin Günter Hessler ya nutsar da jirage 14 a fita guda a ruwan yankin. Ta wannan tekun gyaɗar Kano take bi zuwa Ingila, ta ruwa kuma aka kwashi kakanninmu sojoji zuwa Bama. Tun daga nan in na sa jirgi a madubi a wajen sai in ji wani iri, amma dai gem ne, mu ci gaba.

Ka harba ya fashe, toh yanzu aka fara wasan. Kar ka tsaya kallon wuta, sauke madubi, juya wutsiyarka wajen masu rakiya, ka nufi ƙasa. Amma tun kafin harin ya kamata ka san zurfin wajen, tambayi mai tuƙi ya auna maka tun kana nesa don ƙarar awon tana tona asiri, na taɓa danna C a ruwa mai mita 40 na soka goshi a laka. In akwai zurfi Type VII mai lafiya yana zama a mita 150 ba matsala, in ta ɓaci ana kaiwa wajen 200, ƙarfe zai riƙa kuka kana ji, amma in an riga an huda ka kar ka gwada. Danna Z, gudu not 2 ko ƙasa. Ka sani tafiyar shiru tana tsaida loda tofido da gyaran ɓarna, don haka in ruwa na shigowa dole ka zaɓa, ko shiru ko gyara.

Distiroya da abu biyu yake nemanka, kunne da kuma ASDIC, wato wannan ting ting ɗin da zaka ji yana dukan jikin jirgi. Shiru yana maganin kunne amma ba ya maganin ASDIC, shi maganinsa zurfi da kuma ka ba shi wutsiya ko goshi kar ka ba shi faɗin jikinka. In ting ɗin ya fara matsowa kusa da kusa sannan ya ɗauke, sai ka ji farfela ta ƙara wuta tana tahowa ta saman kanka kamar jirgin ƙasa a kan gada, to ya taho zuba maka gangunan bam ne. A daidai nan shi kurma ne kuma makaho, danna 5 ka murɗa sitiyari gefe guda ka ƙara zurfi mita 15 ko 20, gangunan suna ɗaukar lokaci kafin su nutso inda kake, kafin su iso ka bar wajen. Suna gama fashewa ka ƙirga sakan 20 zuwa 30 ka koma not 2, ka miƙe sitiyari. Zai zagayo ya sake, kai ma ka sake, kowane zagaye kana ɗan zamewa. Akwai wanda ya riƙe ni sama da awa guda na agogon bango, wuta ta ɗauke a unguwa ina zaune a duhu batir ɗin laftof na ja na jirgi ma na ja, ina ta addu'a kar ɗayansu ya riga ɗaya mutuwa, ƙanina ya leƙo ya ce yaya lafiya kake magana ƙasa-ƙasa kai kaɗai, sai a lokacin na lura ashe raɗa nake yi kar distiroya ya ji ni. Daga ƙarshe ya gaji ya koma wajen ayarinsa, don shi ma ba zai bar tumakinsa ba makiyayi ba. In ka ji ya tafi kar ka yi saurin tasowa, wasu kashe inji suke su lafe, ba shi minti 30 na lokacin gem sannan ka hau zurfin leƙe ka duba ko ina har sama.

In ka kai 1943 kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Jiragen sama sun samu rada mai gani cikin dare da fitila mai ƙarfi, masu rakiya suna gano inda kake daga saƙon rediyon da ka aika, ga wani makami Hedgehog da yake watso ƙananan bamabamai ta gaba tun ASDIC bai rabu da kai ba, wato dabarar jiran ya wuce ta kanka ta rage amfani. A watan Mayun shekarar kaɗai Jamus ta rasa jiragen ƙarƙashin ruwa 41 har kwamandansu Dönitz ya janye su daga arewacin Atlantika, kuma cikin mutum wajen 40,000 da suka yi aiki a jiragen nan kusan 30,000 basu dawo ba, to in gem ɗin ya fara kashe ka a wannan shekarar ba wai ka manta wasa bane. Duk makin da ka tara zuba shi a na'urar gano rada, da gwangwanin Bold mai ruɗa ASDIC, da batir mai kyau, da bututun shaƙar iska in ya fito. Jirgin sama kuwa kana jin an ce ga shi danna C, kar bindigar kakkaɓo jirage ta ruɗe ka, ko ka harbo ɗaya ɗan uwansa na tafe. Rage surutu a rediyo, kuma ka haƙura da harbi ɗaya daga nesa ka sulale.

Ma'aikata kuma suna gajiya in kana wasa a ninki 32 ko ƙasa, ka riƙa leƙa F7 kana mayar da masu alamar gajiya ɗakin barci, kafin hari ka cika ɗakin tofido da hutattu har koren layin nan ya cika in ba haka ba lodi zai ɗau shekara. Duk dawowa daga sintiri ka raba lambobin yabo da ƙwarewa, ka fara da mai gyara da mai tofido. Tofidon da ke ajiye a waje kuma sai a saman ruwa cikin lafawar iska ake shigo dashi, yi shi da dare nesa da gaɓa.

Mod ɗin da aka fi sani, wato ƙarin da 'yan wasa suke yi wa gem, shi ne GWX, yana ƙara jirage da wahala da kyan gani, amma ka saba da gem ɗin yanda yake tukuna, kuma in zaka sa ka sa ta JSGME, manhajar da ake sa mod da ita, kana tashar ruwa ba a tsakiyar sintiri ba. Sebin wato ajiye wasa ma haka, yi shi kana saman ruwa ba jirgi a kusa ba gaɓa a kusa, kowane da sabon suna. In kuma ka maƙale zaka tambayi wani wanda ya fika, dan Allah kar ka ce masa kawai tofidona baya samu, faɗa masa shekarar da kake, wane jirgi, wane tofido da wane kai, nisan da ka harba, ƙarfin iska, da ko akwai mod, rabin lokaci kana cikin jero waɗannan zaka ga amsar da kanka.

Sai hanyar gida. Daga ƙarshen 1940 sansaninka ya koma Faransa, Lorient ko Brest ko St. Nazaire, kuma dole ka ratsa tekun Biscay wanda jiragen saman Ingila suka mayar wajen kiwonsu. Ka bar wa kanka mai da ya kai kashi ɗaya cikin huɗu, a shekarun baya-baya ka ratsa shi a nutse kana tasowa kawai don cajin batir da shan iska, kuma kar ka tura lokaci ya wuce 128 har sai ka ga gaɓa. Kyaftin ɗina da ya fi kowanne daɗewa, sintiri 11, a nan na rasa shi, saura kilomita 200 ya isa St. Nazaire na sa 1024 don ana kiran sallar isha'i ina so in gama.